Turancin Da Muka Kori Kawu Ɗahiru Da Shi

Shekara ashirin da biyar ke nan da rasuwar Kawu Ɗahiru, ƙanin mahaifiyata, kuma har yau in na ji wani ma'aikaci ya ce wa dattijo "I am busy" sai raina ya ɓaci tamkar ni aka faɗa wa.

Kawu malamin Turanci ne. Ya yi shekaru yana koyarwa a Tsafe kafin ya yi ritaya ya koma ƙauyenmu a wajen Furfuri, cikin ƙasar Bungudu. Mutum ne mai son fasahar magana har ta yi masa yawa. Yana da wani littafi mai baƙin bango da ya ja wa layi a tsakiya, hagu Turanci, dama fassarar Hausa. Daga ciki yake koya mana yadda Bature ke cewa aiki ya sha kansa, ko wani abu ya tare shi. "Tied up", an ɗaure mutum da aiki. "Held up", an tsare shi a hanya. "My hands are tied", ina so amma ba ni da iko. Mun haddace su saboda jarrabawa, wanda ya manta kuwa kunnensa ya gaya masa. Ba wanda ya san ranar amfaninsu na zuwa.

Ranar ta zo ne a ƙarshen shekarun 1990, bayan an ba mu jiha. Gusau ta cika da sababbin ofisoshi, ofisoshin suka cika da ɗaliban Kawu, har da ni, ƙaramin akawu a bakin ƙofar wani babba. A bazarar nan guguwa ta kwashe rufin ajujuwa biyu na makarantar ƙauyenmu. Ginin ƙasa ne. Kowa ya san in ruwan Agusta ya same shi a buɗe, ya tafi ke nan. An amince a ba da kwanon rufi, yana nan jibge a sito, sa hannun mutum ɗaya kawai ya rage. Mutumin nan shi ne shugabana, kuma shi ma Kawu ya koyar da shi. Mutanen gari suka ce ai magana ta ƙare, a tura Malam.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba wanda ya taɓa yi masa rashin kunya. Da ya shigo za a miƙe, a rusuna, a karɓi jakarsa, a tambayi iyali da gona, duk da Hausa. Sai an zo kan takarda harshe ya juya. Wannan ya ce "Sir, Oga is tied up." Wancan ya ce "The file is held up." Na daɗe kafin na gane dalili. A wajenmu ba ka iya duban wanda ya girme ka, balle malaminka, ka ce masa ba ka da lokacinsa. Bakinka ma ba zai ɗauka ba. Amma da Turanci sai maganar ta fita sumul, ba ka ji kunya ba, ba ka yi ƙarya sosai ba, ka kuma sallame shi.

Shi kuwa Kawu mutumin da ne. In an ce masa ya dawo gobe, alkawari ya ɗauka aka yi masa. Gobe da sassafe zai hau motar Bungudu da farar rigarsa, ya zo ya zauna a benci. Tun ana sharar gona yake wannan zirga-zirga har gero ya kai gwiwa. Wata rana da ya samu ganin shugaban, na ji ta ƙofa ana ce masa "My hands are tied, Sir." Kawu ya ce, "Wa yaɗ ɗaure ka? Nuna min shi in roƙe shi." Aka yi dariya, aka rako shi har bakin titi, takarda na nan inda take.

Ranar da ba na mantawa wata Laraba ce, hadari ya haɗo ta gabas. Shugaba na ciki yana shan shayi da baƙi. Da ya hango Kawu ta taga sai ya yi mini nuni da hannu. Na fito, na durƙusa na gaishe shi, sannan na ce, "He is not on seat."

Kawu ya dube ni. Ya ce, "Bala, wagga ba ni nik koya maka ita ba. Hwaɗa min da Hausa."

Na waiwaya na dubi ƙofar shugaba.

"Hwaɗa min da Hausa, ɗan Inna. Shina ciki ko ba shi ciki?"

Na sunkuyar da kai ina murza biro. Ya jira ni har ya gaji. Daga nan ya ɗauki jakarsa ya fita cikin yayyafi, bai sake zuwa ofishin ba. Ban bi shi ba, don ina tsoron a ce na bar tebur.

Bangon ajujuwan ya zube kafin kaka. Yara suka koma gindin tsamiya, iyaye da yawa suka janye nasu zuwa gona, wasu ba su sake komawa aji ba. Kawu ya rasu da ranin da ya biyo baya, bayan gajeruwar jinya. Ba zan ce ofis ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma na san ya tafi da takaicinmu.

Da zai dawo yau, me zai gani? Abin ya ci gaba, sai dai ta inda ba a so. Yanzu ba sai ka hau mota ka je an kore ka ba. Kana kiran mutum wayarsa za ta aiko maka da cewa yana mitin, alhali ka hango shi a rumfar mai shayi. Yaran da ba su gama firamare ba sun iya "I am busy". Ni kaina na kai kujerar da ake yi wa wasu nuni da hannu, kuma ba zan rantse ban taɓa yi ba. Kawu zai ce mun ci jarrabawarsa fiye da yadda ya so.

Bayan sadakar arba'in Inna, mahaifiyata, ta ba ni littafin nan mai baƙin bango. Ashe a shafukan ƙarshe ya riƙa rubuta duk abin da aka faɗa masa a Gusau, kowanne da sunan mai faɗa, da fassararsa a dama kamar yadda ya saba. "Tied up", ba ya son ganina. "Held up", ba wanda ya taɓa fayil ɗin. Layin ƙarshe nawa ne, da sunana a gefe. Ɓangaren Hausar kuwa ya bar shi fili, bai rubuta komai ba.

Makarantar an sake gina ta da siminti, ba wanda ya tuna wahalarsa a kai. Abin da ya rage mini na Kawu shi ne wannan fili, da tambayar da ke hana ni sakewa duk lokacin da Turanci ya zo mini baki a gaban mai buƙata. Shekara ashirin da biyar ina buɗe shafin ina rufewa. Allah Ya jiƙanka, Malam. Ga amsarka da Hausa, a gaban jama'a: yana ciki, Kawu. Shayi yake sha. Ƙarya na yi maka.