Safar Baba Mai Hoto

Duk wanda ya san layin masu ɗinki ya san shagon hoton da ke ƙarshensa, ya kuma san tsohon da ake kira Baba Mai Safa. Ba don yana sayar da safa ba. Wata shuɗiyar safa ce ƙafa ɗaya, saƙar marigayiyar matarsa, kullum tana aljihunsa. A cikinta akwai wata 'yar baƙar ma'ajiyar kwamfuta, girmanta bai wuce sabulun wanka ba.

Shekara arba'in Baba yana wankin hoto, tun zamanin da ake shiga ɗakin duhu da tasoshin sinadari. A wata damina rufin shagon ya yi yoyo, ruwa ya cinye fina-finan hotunan da ya tara kakaf, har da na ranar da aka haifi 'yarsa ta fari. Bai yi kuka a gaban mutane ba. Amma tun daga ranar ya ɗaukar wa kansa wata doka: abu biyu masu kama ɗaya ba sa kwana ƙarƙashin rufi ɗaya.

Da ido ya fara gajiya, sai ya miƙa wa autarsa shagon. Auta kuwa akwai zafin nama, ga ta da iya kwamfuta. Aiki ɗaya kawai ya ƙi saki. Kowace Asabar da yamma zai durƙusa bayan tebur, gwiwa na ƙara, ya soka ma'ajiyar nan a jikin kwamfuta, ya kwafe hotunan mako, ya zare ta, ya mayar cikin safa, ya tafi da ita gida.

"Baba, ma'ajiya ce fa, ba jaririya ba," in ji Auta. "Sanyi take ji?"

"Ke dai bar ni da 'yar ƙanwarki."

Tausayin gwiwarsa ne ya sa ta sayo wata ma'ajiyar, ta jona ta da kwamfuta dindindin, tana kwafar komai da kanta. Baba ya yaba ƙwarai, ya sa mata albarka. Asabar na zuwa ya sake durƙusawa.

Wata Laraba da safe saƙon imel ya shigo, wai wata makaranta ce ke son a ɗauki hoton ɗalibanta, ga jerin sunaye a maƙale. Auta ta buɗe da murna. Kafin ta gama goge madubin kyamara, allon kwamfuta ya rine ja. Rubutu ya fito: an kulle duk hotunanku, ku biya kuɗin fansa cikin kwana uku ko a shafe. Ta duba sabuwar ma'ajiyarta. Tun da a jone take, ita ma 'yan kutsen sun kulle ta.

Ba kuɗin ne ya fara faɗo mata a rai ba. Wata malamar asibiti ce. Kwana goma da suka wuce ta kawo mahaifiyarta, tsohuwar da ta yi shekaru tana gudun kyamara, aka lallaɓa ta har ta yi dariya, aka ɗauka. Ranar Lahadi tsohuwar ta rasu. Jiya malamar ta bugo waya, murya a dishe, ta ce yau da yamma za ta zo a fitar mata da hoton babba. Katin ajiyar hoto na kyamarar kuwa tuni an goge shi.

Haka Baba ya tarar da Auta, ta kifa kai a kan tebur.

"Baba, na kashe shagon nan. Me zan ce wa baiwar Allah nan?"

Ya daɗe yana kallon jan allon. Sannan ya sa hannu a aljihu. Auta ta zabura, ta fizgi safar, ta nufi bayan kwamfuta.

"Kul!" Bai taɓa yi mata tsawa irin wannan ba. Ya sassauta murya. "'Yar nan, a ɗakin duhu idan tasa ta gurɓace, ba na tsoma mata sabuwar takarda. Wannan injin ya gurɓace. Zare masa wayar intanet, ki kira mai gyara."

Mai gyaran ya zo da tasa kwamfutar. Ya ce kada su biya ko sisi, don ba tabbas ɓarayin za su buɗe. Ya zaro ma'ajiyar daga safa yana dariya. "Baba, wannan wace irin fasaha ce? Ba a koya mana ita ba."

"Ta gida ce, Injiniya. Soka mu gani."

Ya soka a tasa kwamfutar. Hotuna suka jero har zuwa na Asabar. Auta ta yi ta gangarawa, sai ga tsohuwar nan, kai a ɗan karkace, tana dariya.

Aikin kwana uku ne ya salwanta. Auta ta bi masu shi ɗaya bayan ɗaya, ta gaya musu gaskiya, ta ce su dawo a sake ɗauka kyauta. Mutum biyu sun yi faɗa, ta shanye.

Da yamma malamar asibitin ta zo. Ta karɓi hoton da hannu biyu, ta zauna a benci, ta ƙura masa ido. Can ta shafa gefen firam ɗin. "Haka take dariya. Wallahi haka take." Ba wanda ya gaya mata abin da ya faru da safe.

An wanke kwamfutar tas, an sake zuba mata komai. Yanzu Auta ba ta buɗe abin da aka maƙala a saƙo sai ta buga wa mai shi waya.

Ranar Asabar Baba ya zo durƙusawa, ta riƙe masa kafaɗa. "Zauna, Baba. Yau ni ce."

Ta kwafe a ma'ajiyar Baba, ta kwafe a tata, ta zare duka biyun. Tana neman abin da za ta naɗe tata, sai ya miƙo mata wani abu shuɗi mai laushi.

"Ɗaya ƙafar ce," in ji shi. "Da ma babarki biyu ta saƙa."