Jan Turke a Ramin Yashi

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi yana gyara ramin yashin da 'yan dogon tsalle ke faɗawa a ciki. Kowa a filin Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Shi kansa bai taɓa tsalle ba, ko kwata ya tarar a hanya zagaye ta yake yi. Matarsa ta gaji da kakkaɓe yashi daga gado, har ta daina mita.

Mutum ɗaya ce yake kawunta na gaskiya, Doguwa, 'yar ƙanwarsa. Tun da gwiwarta ta goce ta sa wa ranta cewa mita biyar da rabi ce iyakarta. Har wani ɗan jan turke ta kafa a gefen yashin, kullum a nan take dira kamar an ɗaure ta da igiya. Ga gwaji saura wata guda, kuma idan ba ta ƙara tafin hannu biyu ba, za a sallame ta daga ƙungiya.

Kawu ya yi dabararsa ta tsofaffi. Kullum da safe sai ya matsar da turken gaba da faɗin yatsa ɗaya, ya toshe tsohon ramin da babban yatsansa. Doguwa kuwa ta riƙa dira daidai turken tana tsaki, wai ba ta ci gaba.

Ran kwana na tara ya buɗe ƙofar filin, ya durƙusa zai matsar, sai ya ga an riga shi. Yatsa uku cur. Yashin yana nan lumui yadda manjagararsa ta bar shi jiya, babu sawun mutum, babu na tsuntsu, tsohon ramin ma babu alamarsa. Makulli kuwa ɗaya ne, yana rataye a wuyansa.

Ya tambayi koci, mai horar da su Doguwa, a kaikaice. Koci ya ce, "Wane turke kuma, Kawu?"

Daga ranar ya cire hannunsa, amma turken bai tsaya ba. Kowace safiya sai ya auna da tef ɗin awo, ya yi salati a ransa. Tsoro yake ji sosai, ga shi ba ya iya tuge abin, domin yarinyar tana binsa.

Ranar gwaji alƙalai suka ce a kawar da duk wata alama. Kawu ya tuge turken ya jefa a aljihu, yana jin ɗuminsa a cinya. Ya hango Doguwa a farkon layi ta ƙura wa yashin ido. Ta kwaso da gudu, ta taka katakon da ake tashi a kai, ta tashi. Da aka auna, ta wuce abin da ake nema da yatsa huɗu.

Ta zo tana haki ta riƙe masa hannu. "Kawu, Allah ya saka da alheri da ka bar min shi. Na ɗauka za su sa ka cire."

"Me na bari?"

"Turkena mana. Ina ganinsa ja wur, shi na nufa."

Kawu ya damƙe aljihunsa. Ya ce, "Je ki sha ruwa, 'yata."