Yatsu Uku da Tanki Huɗu

A tashar gas da ke bakin teku babu mai kiransa da sunan yanka. Ƙanƙara ake ce masa, tun daga manaja har mai shara. Akwai ranar da matarsa ta buga waya ofis tana neman mijinta da sunansa na gaskiya, aka duba aka ce mata babu mai wannan suna a wurin.

Shekara ashirin da uku ya yi yana kewaya tankuna huɗu, kowanne ya fi bene mai hawa goma tsawo. Abin da ke cikinsu iskar gas ce da aka sanyaya a wata ƙasa mai nisa har ta zama ruwa, jirgin ruwa ya kwaso ta, aka juye. Sanyinta ya kai digiri ɗari da sittin ƙasa da sifili. Idan ƙasa ta buƙata sai a ɗumama ta, ta koma iska, ta bi bututu zuwa tashoshin lantarki da gidajen burodi da murhun mata. A bakin ƙofar tashar akwai wani allo mai lamba ɗaya tak: kwana nawa ƙasar za ta yi da abin da ke ajiye idan jirgi ya daina zuwa. Masu mulki suna kiran lambar nan tsaron makamashi. Ma'aikata kuwa allo kawai suke cewa, su kalle shi da safe kamar yadda ake kallon hadari.

Aikin Ƙanƙara ba na takarda ba ne. Ya sa hular kwano da safar hannu mai kauri, ya bi bututu yana duba mahaɗa, ya ga inda farar raɓa ta taru fiye da ta jiya, ya murɗa bawul mai buɗe bututu da rufe shi, ya saurara. Ba shi da yawan magana, ba shi da abokin faɗa, kuma bai iya komai ba a duniya sai tanki. Ko ƙwan lantarki ya mutu a gidansa, maƙwabci ake kira.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wata mahaɗa ta yi tsartuwa a kan hannunsa na dama. Ruwan gas ba ya ƙuna irin ta wuta, cizo ɗaya yake yi ya yi shiru. Fata ta warke, sai dai babban yatsa da biyun da ke biye da shi suka daina jin komai, zafi ko sanyi, ƙaya ko auduga. Likita ya ce nan da wata shida ji zai dawo. Da wata shida ta cika Ƙanƙara ya ce ya dawo, kuma ƙarya yake yi.

Dalilinsa kuwa, dokar tashar ta ce wanda yatsunsa ba sa ji ba ya taɓa bawul. Sanyi shi ne ɗan saƙo: in safa ta tsage, hannu mai rai zai fizge kansa, mai hannun ya yi ihu a rufe layin gas. Wanda ya faɗi gwajin shekara, ƙofa ake mayar da shi ya riƙa rubuta lambar motoci. Ƙanƙara ya taɓa ganin wani dattijo da aka yi wa haka, yana zaune kan kujerar roba yana gaida yaran da ya koya wa aiki. Ya ƙudurce a ransa shi ba zai zauna a kujerar nan ba.

Gwajin ba wani abin a zo a gani ba ne. Malamar asibitin tashar, wata mace mai gilashi da ba ta dariya sai da dalili, takan sa mutum ya ɗora hannu a tebur ya juya fuska ga bango. Sai ta ɗauki wani siririn zare mai tauri tana taɓa yatsu ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ta taɓa ka ce ka ji. To, a bangon nan akwai kabad ɗin magani mai ƙofar gilashi, kuma a gilashin ana ganin hannunta ƙarara. Sau goma Ƙanƙara yana kallon gilashi yana cewa na ji, sau goma tana buga hatimi. Yana fita ba ya murna, ba ya jin kunya. Shekara ta ƙaru, shi ke nan.

A gida ma bai faɗa ba. Ya koyi cin abinci ba ya kallon kowa, ya koyi lalubo mukulli da hagu. Kuma sa'a ta yi ta binsa. Matarsa ta daina saya masa riga mai maɓalli, wai marasa maɓallin ake yayi. Kofinsa na ƙarfe ya ɓace, wani mai mariƙin roba ya maye gurbinsa. In za su zauna a doguwar kujerar falo, ta hagunsa take zama, wai ta nan iskar taga ke shigowa. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka duk dabararsa ce ke aiki.

Sai bana ta zo da nata. Manya suka yi rigima da manyan wata ƙasa, aka toshe bututun da ke kawo gas ta tudu. Ƙasashe biyu na kusa suka fara raba wuta awa-awa, gwamnati kuma ta ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ta shafa wa nata ruwa: ta ba da umarni a cika tankuna kashi casa'in cikin ɗari kafin sanyi ya shigo. Allo ya sauko daga ashirin da shida zuwa tara. Aka soke hutun kowa. Jirgin da a da ake gani sau biyu a wata ya koma sau biyu a mako, 'yan jarida suna tsaye bayan shingen waya suna ɗaukar hoton tanki kamar yau aka gina shi.

Wata Talata da azahar ana sauke jirgi, Ƙanƙara na riƙe da bawul, abokin aikinsa Dogo na gefe yana duba ma'auni. Shekara goma sha biyar suna layi ɗaya, Dogo na zuba surutu, Ƙanƙara na cewa hm. Safar Ƙanƙara ta dama ta tsage a ɗinki, mahaɗa na ɗiga a daidai wurin, Ƙanƙara kuma na ta murɗawa abinsa yana kallon jirgi. Dogo ne ya hango farin tururi na fita daga tafin hannun. Ya yi kukan kura ya fizge shi, ya danna ƙararrawa, ɗigon ya same shi a wuyan hannu inda riga ta zame.

Aka rufe layi na minti arba'in, aka gyara, aka ci gaba. A ɗakin canza kaya Dogo ya zauna yana hura bandejinsa, fuska duk gumi.

"Kai, abin nan da cizo yake! Kamar kare ya kama ni." Ya dubi Ƙanƙara. "Kai fa? Naka ya fi nawa, ko uffan ba ka ce ba."

"Na yi ta maza ne."

"Ta maza." Dogo ya jinjina kai. "'Ya'yana huɗu, ɗan'uwa. Ƙaramar ko tafiya ba ta fara ba. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Ranar ce ta farko da suka fita ƙofa Dogo bai yi wa mai gadi tsiya ba.

Gwajin shekara ya faɗo Alhamis ta sama. Ƙanƙara ya yi kwanakin nan yana zuwa aiki yana dawowa, yana cin abin da aka ba shi. Ya nemi tsoro a ransa bai samu ba, ya nemi nadama, ita ma shiru. Abu ɗaya ne ya tsaya masa: bandejin Dogo, da yadda yanzu Dogo ke tsayawa taku biyu nesa da shi a layi. Ranar Laraba da zai fita ya tsaya ya kalli kujerar robar nan ta bakin ƙofa. An sake ta, yanzu shuɗiya ce.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar Alhamis ya shiga, ya gaida malamar, ya ɗora hannu a tebur, ya juya ga bango. Kabad na nan, gilashi na nan, an ma goge shi. Sai ya rufe ido.

Ya ji ƙarar fanka. Ya ji wata mota na ja da baya a waje. Ya ji zare a ƙaramin yatsa ya ce na ji, ya ji a na kusa da shi ya ce na ji. Daga nan babu komai. Ya zauna cikin duhun idonsa yana jira, bai san ko minti ɗaya ba ne ko biyar.

"Buɗe idonka, Baba," in ji malamar.

Ya buɗe. "Malama, ukun nan ba sa ji. Sun daɗe. A gilashin can nake kallon hannunki."

Ta cire gilashin idonta ta goge da gefen mayafi. "Kifi na ganinka, mai jar koma. Ka ɗauka ni ba na ganin idonka a gilashin?"

Ta jawo fayil ɗinsa, ta buɗe can baya inda takarda ta fara ja, ta juyo masa. Rubutun hannunta ne, da kwanan wata na shekara goma da suka wuce: yatsu uku na dama ba sa amsawa. A ƙasa wani ya rubuta da jan biro, a bar shi tukuna, babu madadinsa. Shekarar da ta biyo, haka. Manajoji uku suka zo suka tafi, jan biron bai canza magana ba.

"Duk shekara ina rubutawa, duk shekara ana dawo min da shi," ta ce. "Kai kana cewa ka ji, su suna cewa a bari. Ni ce a tsakiya."

"To bana na faɗa da bakina. A mayar da ni ƙofa. Na ƙona yaron mutane."

Ta zaro wata takarda daga ƙarƙashin fayil, mai tambarin ma'aikatar makamashi. Babu ma'aikacin layi da za a sauke ko a sauya wa wuri sai tankuna sun kai casa'in kuma sanyi ya wuce.

"Yau nawa ne a allo?" ta tambaya.

"Sha huɗu."

"To ka gani. Zan rubuta abin da ka faɗa, da bakinka, in sa hannu. Zan sa a ba ka safa biyu, a riƙa duba ɗinkinta kowace safiya. Abin da ke hannuna ke nan, Baba. Ka yi haƙuri."

Ta buga hatimi. Ya ce na gode, don bai san me ake cewa ba.

A motar haya ya zauna kusa da taga. Shekara goma sha ɗaya yana dakon sirri kamar mai ɗauke da tulu a ka, ashe tulun kowa ya san fanko ne. Ya jira haushi ya zo, ko sauƙi, ko hawaye ma. Ba abin da ya zo. Ya ƙirga shagunan burodi a hanya, bakwai, duk a buɗe, duk da gas ɗinsa suke gashi.

Ya tarar da matarsa a falo tana ninke wanki, rana na shirin faɗuwa. Ya zauna a doguwar kujera bai cire takalmi ba. Ta dube shi sau ɗaya, ta ajiye rigar da ke hannunta, ta zo ta zauna.

"Lafiya, Baban Auta?"

Ya fara ba ta labari yana kallon bango, tun daga tsartuwar farko har gilashin kabad, har wuyan hannun Dogo, har jan biro. Bai taɓa yin magana mai tsawon wannan ba a gidan. Muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, kamar mai karanta ma'auni.

"Ashe sun sani," ya ce daga ƙarshe. "Tun farko sun sani."

"Wa bai sani ba? Kai dai da ka ga rigunan nan ka yarda yayi ne. Yaushe ka ga ana yayin riga shekara goma?"

Ya waiga. Sai a lokacin ya lura iskar taga na kaɗa labule ta hagunsa, kuma babu kowa a wurin. Yau ta dama ta zauna. Ya sunkuyar da kai. Hannunta na kan nasa, ta dunƙule yatsun nan uku a tafinta, ta matse har farcenta ya yi fari.

"Tun yaushe kika riƙe?"

"Tun da ka fara magana." Ta dube shi. "Gobe fa?"

"Gobe akwai jirgi, ƙarfe takwas."

Ba ta saki ba. Shi kuma bai ɗauke ido daga hannun ba, don yatsun ba sa jin ta, ya san yana ɗaukewa ta tafi.