Farar miyar da na ci a garin inabi

Shekarar da aka tura ni Faransa daga Tawa don ƙaro ilimin ungozoma, likitar da ta sauke ni a gidanta ta ce sai ta kai ni cin abinci a ƙauyensu. Tun a hanya hankalina bai kwanta ba. Gonaki ko ta ina, babu gero ko zangarniya ɗaya, inabi ne zalla, kuma da alfahari ta gaya mini duk giya ake yi da shi. Ni kuwa ɗiyar liman ce daga Barmu, ko warin giya ban sani ba.

Gidan abincin ƙarami ne, na wani tsoho mai jan hanci. Na kife kofin giyar da aka ajiye a gabana. Na ƙi nama don ban san wanda ya yanka ba, na ce a ba ni kifi, tunda shi ba ruwansa da mahauci.

Aka kawo shi cikin wata farar miya mai ɗan tsami. Na sunsuna, na ce wa likitar, "Don Allah, madam, tambayi tsohon nan ko ya sa giya a ciki."

Suka yi magana da sauri, irin Faransancin da ba a koya mana a lakwal ba, suka yi dariya. Tsohon ya ce mini, "A'a, a'a, ci abinki," ya tsaya a kaina ƙiƙam. Mu a Adar, ƙasar Tawa, in an kawo wa baƙo abinci sai a ba shi wuri. Wanda ya tsaya yana kallon lomarka, akwai abin da yake jira ya gani. Amma matar nan ta riƙe ni kamar 'yar'uwa, ban iya ture kwanonta a gaban mutanen garinsu ba. Na yi bisimilla na ci, kuma wallahi tas na cinye.

Da na dawo Tawa sai na shiga neman wannan tsamin a tukunyata. Na gwada lemun tsami, na gwada tsamiya, na sa kindirmo, ko yakuwa ban bari ba. Maigidana har ya tambaye ni ko kifinmu na tafkin Tabalak ya yi mini laifi ne. Duk tukunyar da na sauke na ji ba ta yi kama da ta tsohon ba, sai zargina ya ƙaru, in sake yin istigfari. Abin da ke ba ni haushi, har yau ina marmarin miyar nan.