Kalmomi Ɗari Biyu a Bakin Kaka

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na naɗi muryar kakata ba.

Ina shekara ta uku a jami'a, ina karanta kimiyyar harshe. Malaminmu ya ce kowa ya samo tsoho ya naɗo kalmomi ɗari biyu a bakinsa, kalma kalma, ban da surutu. Ni kuwa ga tsohuwa a gida, a unguwar New Bell ta birnin Douala. Ita kaɗai ta san danginmu na Najeriya, don tun da ta zo Douala da kakanmu ba ta koma ba, kuma ba ta son zancen.

Na same ta a baranda, ruwa na ta dukan kwano.

"Mai gidana, yau kuma da me ka zo?"

Na ajiye waya a gabanta. Muka fara: ruwa, wuta, asibiti. A kan asibiti ta ce "lopital", aron Faransanci, na ji daɗi na rubuta. Lokacin kaina ya kumbura da boko, gani nake kalma ta fi mai faɗinta daraja.

Da muka zo kan "gida", sai ta kalli ruwan. Abin da ba ta taɓa yi ba, ranar ta ɗauko zancen garinsu da danginta. Ni kuwa na katse ta na kashe naɗin, don kada aikina ya ɓaci. Ta yi murmushi ta ce, "To, ɗan lekol, ci gaba." Haka take kiran ɗan makaranta.

Na ci maki mai kyau. Bayan wata biyu Kaka ta rasu.

Ranar sadakar uku Baba ya kira ni ɗaki, idanunsa jajur.

"Ka ce ka naɗi Inna. Ko ta ambaci mutanenta? Ya kamata a sanar da su."

Na kunna. Muka saurara har muka iso wurin. Muryarta ta fito a hankali: "Gida... Garinmu idan ka wuce Katsina ne. Yayana sunansa..."

Sai tawa muryar: "Kaka, attends, dakata, kalmar kawai nake so."

Ɗif.

Baba bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya miƙo mini wayar ya fita. Har yau danginta ba su san ta rasu ba, kuma ni na jawo.

Tun daga ranar, idan tsoho ya buɗe baki, ajiye takardata nake yi in rufe nawa.