Karatun Ran Laraba da Ya Sa Na Kori Matata

A shekarun nan da ake ta maganar mulkin kai, ni matashin magidanci ne, ban kai talatin ba, ina ɗinki a wata rumfa a Fagge, cikin Kano. Daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau na zo, iyayena Kirista ne, karatuna kuwa bai wuce elementare ta mishan ba. Ni da matata muna haya a ɗaki ɗaya a Sabon Gari. Mai rumfar wani Alhaji ne da iyayensa suka zo daga Barno tun da daɗewa, mu huɗu ne a ƙarƙashinsa. Laifina na farko shi ne ban taɓa gaya musu addinina ba. Ban ce ni Musulmi ne ba, amma na bar su a kan haka. In an kira azahar sai in ɗauki buta in zagaya bayan kantuna, in ɗan zauna, in dawo kamar wanda ya yi salla a wani masallacin. Tsorona kada a karɓe keken ɗinkin a ba wani. Duk duniya matata ce kaɗai ta san wannan.

A 'yar majami'armu ta masu jin Hausa, kowace Laraba da yamma akan taru. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe, shi ne yakan karanta 'yan ayoyi daga Linjila, ya yi gajeren bayani wanda bai fi a sha kunu a ajiye kwano ba, sannan ya cire tabarau, ya dubi jama'a, ya jefa tambaya ɗaya a tafi gida da ita. Wata Laraba ya karanta wurin da Yesu ya yi maganar fitilar da ba a kunna ta don a kife ta da mudu. Da ya cire tabarau sai ya tambaya ko a cikinmu akwai wanda yakan fita aiki da safe ya bar tasa fitilar a gida. Na ga kamar idonsa a kaina yake. Na daure, na ce dacewa ce. Bayan wasu makonni sai ga karatu a kan mutumin da zai yi musun sanin Ubangiji a gaban mutane. A ranar na fito ban gaisa da kowa ba.

Tun daga hanya na fara lissafin wanda ya kai masa labarina, kuma lissafin bai yi nisa ba. Matata takan je gidan dattijon duk ran Alhamis, matarsa tana koya wa mata saƙa. Daga nan na daina ganin komai nata daidai. In ta dawo da fara'a, in ce sun ci namana ne. In ta dawo shiru, in ce kunyar abin da ta faɗa take ji. Har na taɓa baro ɗinki a kan keke na laɓe a bayan wata rumfar mai itace don in ga minti nawa za ta yi a gidan. A ƙarshe na ɗana mata tarko. Na ƙirƙiri labari na ce mata wani abokin aikina ya zage ni, kuma na rantse har abada ba zan yafe masa ba. Babu wanda ya zage ni. Ta yi ta ba ni haƙuri, tana cewa Maigida, a bar wa Allah. Laraba ta biyu da yin haka, dattijon ya buɗe littafi ya karanta wurin da aka tambayi Yesu sau nawa mutum zai yafe wa ɗan'uwansa.

Ban jira an yi addu'ar rufewa ba. Da matata ta dawo daga majami'ar na tsare ta, na kira ta da sunaye da ba zan iya rubutawa a nan ba. Ta ce ita abin da yake kai ta gidan dattijon, 'yar hula da safa ne take saƙa wa jaririn da ke cikinta, don a lokacin tana da ciki wata shida. Ta ce in tana son tona mini asiri ai Fagge za ta je, ba gidan tsoho ba, tunda hanyar ba ta da nisa. Wannan amsar ta ƙara tunzura ni. Ran Litinin na kai ta tasha na sa ta a jirgin Zariya, na ce ta zauna a gidan ubanta har bakinta ya koyi rufuwa. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce in riƙa rufe randa saboda ƙuda.

Laraba ta zo na tafi majami'a da ƙafata, don in ga abin da zai samu ya faɗa yanzu da na toshe masa hanya. Sai ga shi ya karanta maganar mutumin da ya saki matarsa, da yadda abin da Allah ya haɗa ba na mutum ne ya raba ba. Ana tashi na tare shi a bakin ƙofa, na ce Baba, in ni kake nufi ka kira sunana kawai a huta. Ya sa tabarau ya ƙare mini kallo, ya tambaye ni ɗan wa ne ni. Da na zayyana masa komai sai ya zaro wata 'yar takarda da ta sha ninki daga cikin littafinsa. Jerin karatun shekara ne gaba ɗaya, an buga shi tun kafin shekarar ta kama, kowace Laraba da ayoyinta, sura na bin sura. Ya ɗora yatsana a kan fitila, da musu, da yafewa, da na ranar. Ya ce shi bai ma san sana'ata ba, kuma in ya cire tabarau ko na benci na farko ba ya ganewa, shi ya sa yake cirewa don kada ya ji nauyin kowa. Sannan ya tambaye ni ina yarinyar nan mai saƙa take. Na juya na kama hanyar gida.

Washegari dole na nemi izinin tafiya Zariya a wurin Alhaji, kuma na gaji da ƙarya, sai na gaya masa ni Kirista ne, na kuma faɗa masa abin da na yi wa matata. Ya yi dariya har sai da ya ajiye almakashi. Ya ce kai Bazazzagi, tun makonka na farko muka sani, wa ya taɓa dawowa daga alwala da ƙura a ƙafa da buta cike? Ya ce shi ɗinki ya ɗauke ni in yi masa, in je in ɗauko matata in bar shirme.

Surukina bai ko ba ni tabarma ba. Ya ce 'yarsa ba kayan aro ba ce da za a mayar in an ga dama, kuma ba za ta sake hawa jirgi da tsohon ciki ba. A can ta haihu, ba na nan. Sai bayan wata biyar, da sa bakin dattawa, ta dawo Kano. Ta ce ta yafe mini, kuma na yarda ta yafe. Amma matar da a da take tare ni da labarin duk abin da ta gani a kasuwa, ta koma sai na tambaya take magana, in ta fara ma sai ta dubi fuskata tukuna. Mun yi shekaru masu yawa tare cikin zaman lafiya, wancan sakin jikin dai ban sake samunsa ba.

Abin da na koya shi ne, mai ɓoye laifi kowa yake zargi sai kansa. Maganar Ubangiji ta same ni ne don ina da ciwon, ba don wani ya nuna wurin ba. Ina roƙon 'yan'uwa masu karanta wannan, in aya ta soke ka a majami'a, kada ka waiwaya neman wanda ya kai ƙararka. Ka zauna ka gyara abin da ta taɓa. Ni na waiwaya, kuma wadda ta fi kowa rufa mini asiri ita na hukunta.