Asabar Ɗin Da Aka Sace Boram

Na daɗe ban yarda cewa rana guda tana iya cinye rayuwar mutum ba. A Jamus na yi karatu, inda na zauna aji ɗaya da wani tsohon direban jirgin ƙasa da ya fara koyon haɗa magunguna da furfura a kansa. Shi ya sa da na dawo garinmu Tongyeong na ji mahaifiyata tana cewa, "Ai Boram sace ta aka yi," sai na ɗauka irin maganar dangi ce, ta neman wanda za a ɗora wa laifi idan yaro bai kai inda aka so ba. Sai da na bi Boram wurin aikinta na ji daga bakinta, sannan na yarda.

Seol Boram 'yar gwaggona ce. Gwaggo Malsun busasshen kifi take sayarwa a kasuwar bakin ruwa, mijinta kuma makanikin injin kwale-kwale ne. Tun Boram tana firamare 'yan kasuwar suke kiranta Likita, domin ita ke karanta wa tsofaffi abin da aka rubuta a jikin kwalaben maganinsu. Ba ta taɓa son wani aiki ban da na likita ba.

Ƙofa biyu ake bi a shiga jami'a a ƙasarmu. Ta farko ana nema tun kafin babbar jarrabawar Nuwamba, da sakamakon makaranta, sai ganawa da malaman jami'ar bayan an zana jarrabawar. Ta biyu sai bayan jarrabawa, da makin da mutum ya ci. Wanda aka ɗauka ta farkon an rufe masa ta biyun, ko ya so ko ya ƙi, komai kyan makinsa. Wannan shi yara ke kira sacewa. Maganinsa ɗaya ne: in ka ga ka yi abin kirki a jarrabawa, sai ka ƙi zuwa ganawar.

Malamin ajinsu, Malam Tak, shi ya nemo mata wata jami'a mai zaman kanta can cikin duwatsu. Tsarinsu shi ne ɗalibi ya yi shekara uku yana karatun halittu, daga nan ya wuce makarantarsu ta likita kai tsaye, ba wata jarrabawa. Boram ta nema, a kan cewa in abu ya ƙi a samu wurin faɗawa.

Abu bai ƙi ba. Ran Alhamis aka yi jarrabawa. Ran Juma'a da safe ta shiga ofishin malamai da amsoshinta da ta kwafa a bayan katin shiga, ta riga ta gwada su da na gaskiya. Makin ya isa ya kai ta makarantar likita ta sosai, ta gwamnati, ba tare da kewaye ba.

"Malam, gobe ba zan je ganawar nan ba," in ji ta.

Malam Tak ya cire tabarau ya dube ta. "Ke Boram, makin da kika ƙirga da kanki? Bara wani ya zo min da irin wannan kati yana washe baki, ashe layi guda ya tsallake a takardar amsa. Yanzu yana Busan yana maimaitawa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

"Sau uku na duba, Malam."

"To, sannu babbar likita. Ba ki fara karatun ba kin fi malaminki sani."

Da yamma ya je kasuwa da kansa, ya tsaya gaban rumfar Gwaggo cikin kwat. Gwaggo ba ta wuce firamare ba, kuma tana cikin mutanen da suka tashi da cewa ko inuwar malami ba a takawa. Wata guda ta yi ba ta dafa miyar ciyawar teku ba, wai kada santsinta ya kayar da 'yarta a jarrabawa. Da gari ya waye Asabar motar Malam tana ƙofar gida. Boram ta shige ɗaki ta ce ba inda za ta. Gwaggo ta bi ta, ta durƙusa a gabanta.

"'Yar nan, mutum ya bar iyalinsa ya zo saboda ke. Mu su wa? Ni kifi na sani, ubanki man inji ya sani. Kada ki kunyata ni."

Boram ta ce da ni ta yi tunanin ta je ta yi musu shirme su ƙi ɗaukarta. Amma da suka tambaye ta me ya sa take son aikin likita, bakinta ya ƙi yin ƙarya. Aka ɗauke ta. Da sakamakon jarrabawa ya fito, makin da ta ƙirga ne daidai. Kafin Kirsimeti an rataye babban ƙyalle a katangar makarantarsu, da sunanta da kalmar likita da jan rubutu. Gwaggo ta rufe rumfa ta hau bas ta je ta tsaya ƙarƙashinsa aka ɗauke ta hoto.

Tana shekara ta uku masu bincike suka zo daga ma'aikatar ilimi, suka tarar da asibitin koyarwa na jami'ar gadaje ne kawai, ba marasa lafiya. Aka janye musu izinin horar da likitoci. Ɗaliban da suka riga suka shiga makarantar likitan aka rarraba su wasu jami'o'i. Su Boram kuwa, a wurin hukuma ɗaliban halittu ne, babu wanda ya san da su. Da suka taru a ofishin shugaban tsangaya, cewa ya yi, "Alkawarinmu yana nan, makarantar ce babu."

Ta sake zama jarrabawar Nuwamba sau ɗaya. Lissafin ya riga ya bar kanta, makin bai kai ba. Ta karɓi digirinta na halittu ta dawo gida. Yanzu tana aiki da ƙungiyar masu kiwon kifi, tana auna ruwa tana duba cuta. A kan katakon da ke shawagi tsakanin kejunan kifi muka zauna da rana, tana cin shinkafarta daga gwangwani.

"Duk wannan, Yaya, a da ban riƙe Malam da komai ba," ta ce. "Na ce kuskure ne, kowa yana yi. Duk ranar malamai nakan kai masa fure."

Shekarar da ya yi ritaya, tsofaffin ɗalibansa suka haɗa masa liyafa a gidan abincin da ake cin ɗanyen kifi. An sha, fuskarsa ta yi ja. Wani abokin ajinsu, Hyeonsu, ya hango ta ya ɗaga murya.

"Ga likitar kifi nan! Zo ki duba mana wannan na faranti, da alama ya cika."

Aka yi dariya, har da ita. Malam Tak ya yafito ta, ya miƙo kofinsa.

"Boram, ke kika cece ni waccan shekarar, kin sani? Shugaban makaranta ya shaƙe ni. A Disamba iyaye ke zaɓar wa yara sakandare, ƙyallen da babu likita a jikinsa kuwa tsumma ne. Sakamakon ƙofa ta biyu sai Fabrairu. Wa zai jira Fabrairu?"

Ta ɗauki kwalbar giya, amma ba ta zuba ba. "Malam, ashe ka yarda da makina?"

"Ke? Ko kuskuren waƙafi ba kya yi."

"Asibitin nasu fa? Ka san ba kowa a ciki?"

"Ƙanin matata can yake aiki. Na ɗauka za su lallaɓa har ku fita. Rabo ne, 'yata. Zuba mana."

Ta zuba masa da hannu biyu, kamar yadda ake zuba wa babba. Ta fita waje ta tsaya kusa da akwatin gilashin da kifaye ke jiran wuƙa, har taron ya watse. Tun daga ranar ba ta ƙara taka unguwar su Malam ba.

Kwale-kwalen da zai mayar da mu gaɓa ya taho. Ta rufe gwangwaninta ta fara jera kwalaben ruwan da ta ɗiba a cikin akwatin ƙanƙara. Na tambaye ta ko ta gaya wa Gwaggo abin da ya faɗa.

"Ita fa ta durƙusa mini, Yaya," ta ce. "In na gaya mata, ba shi za ta tsana ba, sai kanta."